RA'AYI: Matan gidan gyaran hali na Potiskum da dokar da ba ta iso gare su ba

A watan Oktoban 2025, lokacin da Fadar Shugaban Ƙasa ta fitar da sunayen mutum 175 da aka yi wa afuwa ko sassaucin hukunci, suna guda ne ya mamaye muhawara: na matar nan da Babbar Kotun Abuja ta yanke wa hukuncin kisa a Janairun 2020 bisa kashe mijinta. An kwashe makonni ana kai ruwa rana a gidajen rediyo da Facebook da majalisun hira, har sai da aka sake duba jerin sunayen. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, domin kowa ya san gidan da ta fito da gidan da aka yi wa rashi. A daidai wannan lokaci akwai ɗaruruwan mata a tsare a sassan ƙasar nan waɗanda babu mai tuna sunansu in ban da 'ya'yansu da ma'aikaciyar da ke kulle musu ƙofa da yamma. Irinsu ne ake ɗebowa daga kotunan Fika da Fune da Nangere da cikin gari a kai gidan gyaran hali na Potiskum a Jihar Yobe, kuma a kansu wannan rubutu yake.

Mata ba su wuce kusan kashi 2 cikin 100 na mutum dubu tamanin da 'yan kai da ke tsare a gidajen gyaran halin Najeriya ba. Ke nan dukkansu, daga Legas zuwa Nguru, ba su kai dubu biyu ba. Da za a tara su a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, ko kusurwa ɗaya ba za su cika ba. Wannan ƙaranci shi ne ya jawo musu mantuwa: an gina gidajen domin maza, an tsara abinci da magani da koyon sana'a domin maza, sannan aka yanki wani lungu aka ce na mata ne. Gidajen da aka keɓe wa mata zalla ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, irin na Kirikiri a Legas da na Ondo da na Numan a Adamawa. Yobe ba ta da ko ɗaya. To amma wannan ƙarancin shi ne kuma babbar hujjar cewa ana iya magance matsalar. Mutum dubu biyu adadi ne da ma'aikata guda za ta iya sanin kowacce a cikinsu da sunanta, da laifin da ake tuhumarta, da ranar da aka kawo ta, da yawan 'ya'yan da ta bari a gida. Abin da ya gagara a yi wa mutum dubu tamanin a shekara guda, ana iya yi wa dubu biyu a cikin wata shida, idan har akwai wanda aka ɗora wa alhakin.

Doka ta riga ta yi nata

Duk lokacin da aka taɓo gyaran harkar shari'a, abin da ake fara kira shi ne a kafa kwamiti ko a kawo sabon ƙudiri. Game da mata, akasarin abin da ake buƙata yana rubuce tuntuni. A watan Mayun 2015 aka sa hannu a kan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka, wadda lauyoyi ke kira ACJA, kuma jihohi, har da Yobe, sun kafa irin tata. Sashe na 7 na dokar ta tarayya ya haramta kama wani a madadin wani, wato a ɗauke mata saboda mijinta ya gudu ko uwa saboda ɗanta ya ɓuya. Sashe na 8 ya hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa alkawarin ciniki, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake nanata haka. Sashe na 34 ya wajabta wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata domin ganin waɗanda ke tsare. Sashe na 167 ya ce ba za a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce ba. Umarnin ajiye wanda ake tuhuma kafin a kammala bincike an ƙayyade shi da kwana 14, sai da dalili a ƙara. Sashe na 460 kuma ya ba alƙali ikon jingine hukunci ko ya sa mai laifi yi wa al'umma hidima a maimakon ɗauri.

A shekarar 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari zuwa Hukumar Gyaran Hali. Sashe na 34 na wannan doka na mata ne kacokan. Ya ce a samar musu da keɓantaccen wuri a kowace jiha, a yi wa kowacce gwajin ciki idan an kawo ta, a kula da lafiya da abincin masu ciki da masu shayarwa, a tanadi wurin renon jarirai da kayan tsaftar mata. Rabin dokar na biyu ya kafa sashen hukuncin da ba na ɗauri ba: hidimar al'umma, ɗaurin talala, sakin fursuna bisa sharaɗi, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Tun kafin nan, a Disamban 2010, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Bangkok guda 70 kan yadda za a bi da mata masu laifi, kuma ƙa'ida ta 64 ta ce a fifita hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki da mai ƙananan yara, matuƙar laifin ba babba ba ne kuma ba ta zama haɗari ga jama'a ba.

A takarda dai babu abin da ya rage. Gizo yana saƙar ne a tsakanin takardar da ke Abuja da ƙofar kotun majistare a Potiskum. Alƙali ba zai yanke wa mace hukuncin share asibiti na wata uku ba idan babu jami'in da zai sa ido ya kawo masa rahoto. Wurin renon jarirai ba ya gina kansa don an ambace shi a sashe na 34. Sai an sa masa layi a kasafin kuɗi, an saki kuɗin, an kuma bi sawu. Waɗannan ayyuka ne na babban sakatare da darakta da mai ba minista shawara da akawun kwamitin majalisa, wato masu karanta wannan shafi.

Kashi uku, kowanne da maganinsa

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a haɗa matan nan a kwando ɗaya, ko dai a ce duk abin tausayi ne ko a ce duk kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Sun kasu kashi uku.

Na farko su ne masu jiran shari'a. A faɗin ƙasa kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, alhali sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce mutum ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Yadda abin ke faruwa sananne ne. 'Yan sanda su gurfanar da wadda ake tuhuma da babban laifi a gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron ƙarar, ya ba da umarnin a ajiye ta, a tura fayil Ma'aikatar Shari'a domin neman shawarar lauyoyin gwamnati. Ga wadda ke Potiskum, fayil ɗinta zai yi tafiyar kilomita kusan ɗari zuwa Damaturu. Idan babu ɗan uwa mai kuɗin mota da sanin ƙofofi, ko lauya mai bibiya, kwana 14 na doka sai ya zama wata goma sha huɗu. Namiji idan an tsare shi, matarsa da mahaifiyarsa ne ke sayar da akuya su yi ta zirga-zirga. Mace idan an tsare ta, sau da yawa wanda ya kamata ya yi zirga-zirgar shi ne ya kawo ƙarar, ko kuwa kunya ta sa dangi sun ja da baya.

Kashi na biyu su ne waɗanda aka yanke wa hukunci a kan ƙananan laifuka tare da zaɓin tara: faɗa da maƙwabciya ko kishiya, kuɗin adashi da ya karye, dillaliyar da kayan mutane suka maƙale a hannunta, 'yar aikin da aka zarga da ɗaukar waya. Alƙali ya ce naira dubu talatin ko wata shida. Mai hali ya biya a harabar kotu ya tafi gida, marar hali ta shiga mota. A nan talauci ne ake ɗaurewa, domin kotun da kanta ta nuna cewa laifin bai kai na raba mutum da jama'a ba tun da ta yi masa farashi. Lissafin ma ba ya goyon bayan gwamnati. An ƙara kuɗin ciyar da fursuna daga naira 750 zuwa naira 1,125 a rana. A kwana 180, abinci kaɗai ya tashi naira 202,500. Ke nan baitulmali na kashe fiye da naira dubu ɗari biyu domin ya hukunta wadda ta kasa biyan dubu talatin, ba a sa magani da mai na motar kai ta kotu da albashin masu gadinta ba.

Gwamnati ta san da wannan. A Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar a Kuje da shirin sakin fursunoni 4,068 da tara ta riƙe, da naira miliyan 585 da aka tara daga kamfanoni da masu hannu da shuni. Idan aka raba, kowane mutum bai kai naira dubu 144 ba, kuɗin abincin wata huɗu da 'yan kwanaki. Aiki ne mai kyau, sai dai kamar kwashe ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo. Washegari kotuna sun ci gaba da yanke irin wannan hukunci, gidajen kuma sun ci gaba da cika.

Kashi na uku su ne waɗanda suka aikata manyan laifuka, kuma a kansu ne mai adawa da wannan ra'ayi ke da hujja mafi ƙarfi. Akwai matar da ta watsa wa kishiyarta tafasasshen ruwa, da wadda ta azabtar da ɗan miji har ya nakasa, da wadda ta yi kisa, da wadda ta sayar da ɗan wani. Waɗanda aka zalunta su ma mutane ne, galibi mata ne da yara, kuma duk gyaran da ya manta da su zalunci ne na biyu. Babu mai hankalin da zai ce kasancewa mace lasisi ne. Abin da ake nema a nan shi ne a yi shari'a da sauri, da lauya, kuma kotu ta ga dukkan abin da ya kamata ta gani: shekarun wadda ake tuhuma, lafiyar ƙwaƙwalwarta, musamman bayan haihuwa, da ko ta daɗe tana shan duka kafin ranar da abin ya faru. A 2014 Kotun ECOWAS ta yanke cewa Najeriya ta tauye haƙƙin wata 'yar Katsina da aka yanke wa hukuncin kisa a kan laifin da ake cewa ta aikata tana da shekara 13, daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin. Safiya Hussaini a Sakkwato a 2002 da Amina Lawal a Katsina a 2003 duk kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'ar Musulunci ne suka wanke su, bayan lauyoyi sun nuna kurakuran da ƙananan kotuna suka tafka. A duk waɗannan, abin da ya raba rai da mutuwa shi ne samun lauya. Ga yarinyar da ba ta balaga ba kuwa, gidajen horon matasa na tarayya da ke Kaduna da Ilorin da Abeokuta domin maza aka gina su, don haka sau da yawa tana ƙarewa ne a tsakanin manya.

Hukuncin da ke farawa a bakin ƙofa

Wa'adin da alƙali ya yanke yana da ranar ƙarewa. Wanda gari ke yankewa ba shi da ita. Namijin da ya fito daga ɗauri yakan tarar da ɗakinsa da matarsa, bayan wata biyu ya koma tasha ko kasuwa, a ce ƙaddara ce ta faɗa masa. Mace takan fito ta tarar da takardar saki, 'ya'ya an raba wa dangin uba, kayan ɗaki an sayar wajen bin shari'a, jarin ƙuli-ƙuli ko na ɗinki ya narke. Matan unguwa ba za su sa ta a adashi ba. Mai neman aure zai ji labari kafin ya kai gaisuwa. 'Yarta ma za a riƙa nuna ta da baki a makarantar Islamiyya. Mace a irin wannan hali, ba gida ba jari, hanyoyin da suka rage mata kaɗan ne, kuma akasarinsu suna komawa ne ofishin 'yan sanda.

Potiskum gari ne da ya san asarar magidanta. Harin kasuwar shanu na Mayun 2012 da na makarantar sakandaren kimiyya da fasaha na Nuwamban 2014 da sauran hare-haren shekarun Boko Haram sun bar gidaje da yawa a hannun mata su kaɗai. A irin wannan gida, ranar da aka kulle uwa ita ce ranar da tukunya ta sauka daga murhu, yara su bar makaranta, babbar ta ɗauki farantin talla zuwa tashar manyan motoci. Gwamnati ta hukunta mutum ɗaya, biyar sun biya.

Tun 2016 Gwamnatin Tarayya ke gudanar da shirin sauya tunanin tubabbun mayaƙa a sansanin Malam Sidi da ke Jihar Gombe, inda ake koya musu sana'a, a ba su kayan fara aiki, a miƙa su ga jihohinsu. Hujjar shirin ita ce wanda aka sake shi hannu rabbana zai koma inda ya fito. Idan wannan hujja ta karɓu a kan wanda ya ɗauki bindiga, da wane dalili za a hana ta ga matar da adashi ya karye a hannunta? Mutanen Yobe suna ganin wannan bambanci, kuma yana daga abin da ke rage musu yarda da adalcin hukuma.

Addini da al'adar mutanen yankin ba su ne cikas ba. A tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an jinkirta wa mace haddi har ta haihu ta kuma yaye ɗanta, kuma ya hana a zage ta bayan ta tuba. Cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu. Sulhu da yafiya da biyan diyya tsofaffin hanyoyi ne a fadar Mai Fika da ta Mai Potiskum da zaurukan masu unguwanni, tun kafin dokar 2019 ta ba su suna. Bahaushe ma ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya. A Ingila, bayan mutuwar mata shida a gidan yarin Styal cikin shekara guda, rahoton Baroness Corston na 2007 ya ba da shawarar a rage ɗaure mata masu ƙananan laifuka, a ƙarfafa cibiyoyin mata a cikin unguwanni inda za su yi wa'adinsu suna kusa da 'ya'yansu. Kenya ta kafa dokar hidimar al'umma tun 1998. Zimbabuwe ta buɗe gidan yarin mata marar tsauraran matakan tsaro a Marondera a 2021. Tattalin arzikin biyun ƙarshe bai kai na Najeriya girma ba.

Wane ne zai biya, wane ne zai yi

Akwai wata tsaga a tsarinmu da ya kamata ma'aikacin tarayya ya fahimta. Mafi yawan waɗanda ke tsare laifin dokar jiha suka yi, kotun jiha ce ta tura su, amma Tarayya ce ke ciyar da su da gadinsu. Wanda ke cika ɗakin ba shi ne ke biyan kuɗin tuwo ba, don haka babu abin da ke matsa wa jiha ta hanzarta. Gyaran Kundin Tsarin Mulki na Maris ɗin 2023 ya mayar da gidajen gyaran hali cikin jerin abubuwan da Tarayya da jihohi ke da iko a kai tare. Wannan dama ce, kuma haɗari ne: kowane ɓangare na iya cewa ɗayan ne ke da alhaki, matan su zauna a tsakiya. Ga abin da ke hannun Abuja, wanda ba ya jiran kowa.

Na ɗaya, ƙidaya. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta umarci Hukumar Gyaran Hali ta riƙa fitar da rahoto duk wata uku kan matan da ke tsare a kowace jiha: nawa ke jiran shari'a da tsawon zamansu, nawa tara ta riƙe da adadinta, nawa ke da ciki, jarirai nawa ke tare da iyayensu. A aika kwafi ga Babban Jojin kowace jiha da Antoni-Janar ɗinta, domin su ne ke da ikon sallamar wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ko janye ƙara, gwamna kuma yana da ikon afuwa a ƙarƙashin sashe na 212.

Na biyu, lauya tun daga ofishin 'yan sanda. Hukumar ba da tallafin lauyoyi kyauta, wadda aka kafa tun 1976 kuma take ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, tana da tsarin ajiye lauya mai jiran aiki a ofisoshin 'yan sanda. A tura mata lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima, a ba su kuɗin mota, a haɗa su da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ƙungiyoyi irin PRAWA da suka daɗe a wannan fage. Lauya biyu da ke zaune a Potiskum, masu jin Hausa, da tafinta na Karekare da Ngizim da Bolanci da Fulatanci, za su hana shari'o'i da yawa zama ɗauri tun daga tushe.

Na uku, kuɗi a fili. Sashe na 34 da sashen hukuncin da ba na ɗauri ba su samu layinsu daban a kasafi, yadda kwamitocin Majalisar Tarayya za su iya tambayar nawa aka saki da inda ya tafi. A ɗauki jami'ai mata domin sa ido a kan masu hidimar al'umma, saboda a gari irin Potiskum ba kowane gida ne namiji baƙo zai shiga ba.

Na huɗu, tara ta daina zama ƙofar kurkuku. A ƙarfafa wa kotuna su riƙa duba ƙarfin mutum kafin su yanka tara, su karɓi biya kashi-kashi, ko su musanya ta da kwanakin aiki. Ga waɗanda suka riga suka shiga, a kafa asusu na dindindin da kwamitocin zakka da waƙafi da coci-coci da 'yan kasuwa za su iya zubawa, maimakon jiran azumi ko bikin ranar haihuwar wani babba. Diyyar wanda aka cuta ta zama farkon abin da asusun zai biya.

Na biyar, hannun da zai tarbe ta a ƙofa. Wata uku kafin ranar fita, a san inda za ta sauka da wanda zai karɓe ta, a yi mata lambar shaidar zama ɗan ƙasa, a sa sunanta a rajistar masu ƙaramin ƙarfi, a haɗa ta da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa ko SMEDAN. Potiskum ta dace da gwajin farko. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a garin, mallakar Tarayya, da za ta iya koyar da sana'a. Akwai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma da babbar kasuwar hatsi. Tunkiya biyu da buhun dusa, ko injin markaɗe, ko keken ɗinki, ba su kai kuɗin ciyar da ita idan ta dawo wa'adi na biyu ba. A nemi FOMWAN da ƙungiyoyin matan coci da matan sarakuna su shiga tsakani da dangi, domin jari ba ya amfani ga wadda ba ta da ɗakin kwana.

Na shida, goge tabo. Dokar 2019 ta tanadi takardar shaidar kyautata hali ga wanda ya nuna gyaruwa, ta kuma hana a nuna masa bambanci saboda ɗaurin da ya yi. A fara bayar da ita ga mata a aikace, kuma ma'aikatun gwamnati su zama na farko wajen girmama ta, tun da ƙa'idojin aikin gwamnati sun sa sai da izini na musamman ake ɗaukar wanda kotu ta taɓa samu da laifi. Ingila ta yi doka tun 1974 da ke share tarihin ƙaramin laifi bayan wasu shekaru idan mutum bai sake ba. Majalisar Tarayya na iya yin irinta, a ware manyan laifuka da waɗanda suka shafi cutar da yara.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar hukuma ko ginin biliyoyi, wataƙila ma shi ya sa ba su da mai tallata su, domin babu kwangila a ciki kuma babu ƙyallen da za a yanka a gaban kyamara. Takarda ce da wani zai rubuta, wani ya sa hannu, wani ya tuna ya tambaya bayan wata uku. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san yadda fayil ke kwana a kan tebur saboda mai shi ba shi da wanda zai buga waya. Fayil ɗin matan Potiskum da Gashuwa da Nguru irin wannan ne. Idan an zo tsara kasafin baɗi ko rubuta wa mai gida jawabin Ranar Mata ta Duniya, mai riƙe da alƙalami ya tambaya: mata nawa ne ke tsare a Yobe yau, tun yaushe, kuma a kan naira nawa? Amsar tana nan a rajistar gidajen, kuma samunta bai wuce aikin yini guda ba.

Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya kuma tsare mu daga faɗawa hannun da babu mai tambaya a kanmu.